Ɗakin Ɗinkin Gwaggo: Yaushe Ƙyallayena Za Su Ƙare?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan ƙyalle da ajiyar atamfa suka zo. Ina jin sanyi ne da ya matso ya sa masu ɗinkin bargo suka fara zazzage buhunansu. Na zaɓi huɗu. Ta farko za ta ci mana wuri, domin akwai lissafi a cikinta, kuma ba na son in yi shi a gurguje.

TAMBAYA TA FARKO

Gwaggo, barka da aiki. Shekara shida ke nan ina ɗinka bargon ƙyalle a gida, irin wanda ake harhaɗa guntayen atamfa, a sa masa ciko, a yi masa shafi. Teloli uku ne a unguwarmu suke tara mini ƙyalle, duk ƙarshen wata yarona ya je ya kwaso. Yanzu buhu huɗu gare ni cike maƙil. Ranar nan maigidan ya tambaye ni, cikin mutunci dai, wai yaushe kayan nan za su ƙare? Na rasa abin da zan ce masa. Na sa an kai su sikelin mai sayar da gas, suka ba da kilo 60. Abin da yaron yake kawowa kuma yakan kai kilo biyar a wata. Bargo biyu nake gamawa a wata, na babban gado. Don Allah a yi mini lissafi.
Daga wata mai ɗinki, Gusau

AMSA

'Yata, kin rage mini rabin aiki da kika kai su sikeli. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan buhun ƙyalle dai ban yarda da ido ba, domin ƙyalle yana danƙarewa, buhun da kike gani kamar na wata uku sai ki tarar na shekara ne.

Mu fara da turmi, tunda shi kowa ya sani. Turmin atamfa yadi shida ne, faɗinsa kuma inci 46 zuwa 48, idan kin yanke baki biyu ki ƙaddara saura inci 45. Na sha ɗora turmi a kan ƙaramin sikelina, ta auduga mai kyau takan zo mini kusan giram 750. Ke nan yadi ɗaya giram 125, yadi takwas kilo guda. Ki ɗora naki turmin ki gani, don wata atamfar ta fi wata kauri, amma mu tafi a kan wannan. Kilo 60 ɗinki ya zama yadi 480. Turmi tamanin ke nan a ƙarƙashin gadonki da bayan ƙofa.

Sai dai buhun tela ba turmi ba ne. Ki zazzage ɗaya a kan tabarma ki duba abin da ke ciki: wuyan riga, yankan hammata mai lanƙwasa, siraran baki masu kama da igiya, guntun leshi mai huji, shadda, yadin roba mai santsi, har da wanda aka riga aka manna wa gam. A duk shekarun da na yi ina tsince irin wannan buhu, ban taɓa samun fiye da rabi da zai shiga bargo mai ƙwari ba. To mu ce yadi 240 ne na kirki.

Yanzu bargon. Katifar babban gado ƙafa shida ce ta kowane ɓangare, wato inci 72. Ni inci 90 nake yi wa bargonta tsawo da faɗi, don ya sauko inci tara ta kowane gefe. Idan kowane gida, wato guntun ƙyalle mai kusurwa huɗu, zai tsaya a inci biyar bayan an ɗinke, za ki buƙaci layi 18, kowane layi gida 18, jimla gida 324. Idan kina cin kwatan inci a bakin ɗinki, inci biyar da rabi za ki yanka kowane gida. Lafiyayyen turmi yana ba da takwas a faɗi, layi 39 a tsawo, 312 ke nan, saura goma sha biyu ya cika bargo. Amma idan rabin inci kike ci, kamar yadda akasarin telolinmu suka saba a ɗinkin riga, to inci shida za ki yanka, bakwai kawai za su fita a faɗi, kuma fuskar bargo ɗaya za ta lashe kusan yadi takwas. Dubi yadda ɗan kwatan incin nan ya ci fiye da yadi ɗaya da rabi. Tunda ke daga guntaye kike yanka, asarar almakashi ta fi yawa, bari mu tsaya a yadi bakwai.

Raba 240 gida bakwai, kin sami bargo 34. Biyu a wata, wata goma sha bakwai ke nan. Wannan ita ce amsar da za ki ba maigidan idan yau kika ce wa teloli kin gode, kada su ƙara tara miki ko ƙyalle ɗaya: shekara guda da wata biyar.

Idan kuwa yaro zai ci gaba da zuwa kwasa, amsar ta canza. Kilo biyar a wata, rabinsa na kirki, yadi ashirin ke nan yake shigowa. Ke kuma goma sha huɗu kike ci. Duk wata yadi shida na kirki yana ƙaruwa a kan tulin, ban da tarkacen da ke biyo shi, ban da kuma watan azumi da na layya da teloli ke kwana a kan keke, buhu ya ninka. A wannan tafiyar ƙyallenki ba zai taɓa ƙarewa ba. Gaskiyar ke nan, kuma gara ki ji ta daga bakina.

Na damu da wannan ne saboda na ga ƙarshensa a ɗakina. Shekarar da muka tashi daga tsohon gidanmu, na jawo buhun da ya fi kowanne daɗewa a lungu, wanda nake cewa na manyan ƙyallaye ne, sai na sami aikin da ya dace da su. Ina ɗagawa gindinsa ya zube. Gara ta shigo ta tsagar siminti, ta yi gini a ciki, abin da ta bari kuma laima ta gama da shi. A ciki akwai ragowar zanen da na ɗaura ranar sunan ɗana na fari. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai. Shekara tara ina tsallake buhun nan ina ɗinka na sama-sama, don na sama ne hannu yake fara kaiwa. Ke ma na tabbata haka kike yi: sabon da yaro ya kawo shi kike yanka, na ƙasa yana can yana tsufa.

Ga abin da zan so ki yi. Ki ware kwana uku ba ki taɓa keke ba. Ki zazzage buhunan nan duka a inuwa, ki raba auduga da roba. Wanda kika yi shakka, ki yanki ɗan ƙarami ki kusanta shi da ashana a tsakar gida, nesa da tulin: auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Kada ki haɗa su a bargo ɗaya, domin auduga tana shiga ruwa ta ɗan tsuke, roba ba ta tsukewa, wanki biyu sai bargo ya tattare, kuma zafin dutsen gugar da auduga ke so yana ƙona roba. Masu ja da shuɗi mai duhu ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kansu, wanda ya zuba ki wanke shi daban har ya daina, in ya ƙi ki cire shi.

Daga nan ki yanke na kirkin tun yanzu, kada ki mayar da su buhu yadda suke. Awo uku sun ishe ki: gida mai inci biyar da rabi, gida mai inci uku da rabi, da dogayen yanka masu faɗin inci biyu da rabi. Ki jera su ɗari-ɗari ki ɗaure. Ranar da kika ga ɗauri uku da 'yan kai, kin san bargo guda ne a gabanki, ba sai kin koma wurin mai gas ba. Tarkacen da ya rage a yi cikon matashi da shi, ko tsumman goge-goge, ko ki ba masu koyo su riƙa gwada hannu. Teloli kuma ki riƙe ɗaya, wanda ƙyallensa ya fi yawan auduga, biyun ki haɗa su da wata mai sana'ar da ba ta da inda take samu. Na san da nauyi ka ce wa mai yi maka alheri ya dakata, amma idan kin nuna musu wadda za su ba, ba za su ji komai ba.

Kuma ki lura, ba ƙyalle ne zai fara yanke miki ba. Shafin bargo mai inci 90 yana cin yadi biyar zuwa biyar da rabi, dajiyar baki kuma kusan kashi biyu cikin uku na yadi, waɗannan kuwa da wuya su fito daga buhun tela, saye ake yi. Bargo 34 na nufin kusan turmi 34 na shafi da baki. Zare ma haka. Haɗa gida 324 ɗinki ne na kusan yadi 90, keke kuma yana cin zare ninki biyu da rabi zuwa uku na tsawon ɗinkin, idan an haɗa na sama da na ƙasa. Ki ƙara bin da za ki yi a kai don kama ciko da shafi, ki ƙara na baki, bargo guda zai sha kusan yadi 600. Babban zaren da aka rubuta yadi 5000 a jikinsa zai kai ki bargo takwas, wata huɗu ke nan. Wannan lissafin ya kamata ki ajiye kusa da ke lokacin da kike yanka wa bargo kuɗi, domin da yawa daga cikinmu muna cewa ai ƙyallen kyauta ne, mu sayar da araha, mu manta da shafi da zare da ciwon baya.

TAMBAYA TA BIYU

Gwaggo, ina gaisuwa. Mahaifiyarmu ta rasu bara. A akwatinta na ƙarfe mun sami atamfofi 23 da ba a taɓa yankawa ba, wasu tun na lefenta ne a 1984. Akwai Holan, akwai Ingila, akwai 'yar Kaduna. An raba gado, tara suka zo hannuna. Kullum takan ce ajiya maganin wata rana. Shin har yanzu za su ɗinku? Idan na ci gaba da ajiye su, shekara nawa za su ƙara yi? Ƙanwata ta ce in yi bargo da su don tunawa da ita, ni kuma hannuna ya kasa ɗaukar almakashi.
Daga wata 'yarki, Kaduna

AMSA

Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta. Na ji daɗi da kika ce an riga an raba, domin atamfar mamaciya dukiyar magada ce, ba a yanka ta kafin kowa ya san rabonsa.

Auduga tana da tsawon rai idan ta sami wuri busasshe mai duhu. Akwai manyan rigunan ƙasar nan na ƙarni na 19 da ke ajiye a gidajen tarihi na Ingila har yau, zarensu bai saki ba. Shekara arba'in ba ta isa ta kashe atamfa mai kyau ba. Abin da ke kashe ta huɗu ne: laima, rana, ƙwari, da ninkin da aka bari wuri ɗaya shekara da shekaru. Don haka ba zan ce miki saura shekara kaza ba, atamfar ce za ta faɗa miki da kanta, idan kin bincike ta.

Ki fito da su ɗaya bayan ɗaya, ki warware gaba ɗaya. Ki fara shinshinawa: warin rumfa ko ɗigo-ɗigon baƙi alamar funfuna ce. Ki ɗaga ta saitin taga ki bi layin ninki da ido, nan ne take fara sirancewa, wani lokaci har launin ya koɗe a layin kaɗai. Ki duba jan tabo a wadda ta jingina da jikin akwatin, tsatsa ce, tana cin zare ta bar huji. Sannan ki kama gefe da hannu biyu ki ja da ɗan ƙarfi. Lafiyayya za ta tsaya miki. Wadda ta mutu za ta yage ba tare da wata ƙara ba, kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ki fi sa ido a kan masu baƙi da yawa, domin akwai wani nau'in baƙin rini mai sinadarin farar wuta da ke cin auduga a hankali idan ta daɗe cikin zafi da laima. Sau da yawa za ki ga sauran launukan lafiya lau, baƙin kaɗai ke fashewa. Takardar tambarin da ke manne a jiki kuma ki ɗora mata ƙyalle ki ɗan gasa da dutsen guga, ta saki, ki ɓare a hankali. Gam ɗinta yana barin tabo idan ya tsufa.

Waɗanda za ki ci gaba da ajiyewa, kada ki sa su a leda. Leda tana riƙe gumi, a watan Agusta na Kaduna kuwa wannan ya isa ya haifar da funfuna. Ki naɗe su a tsohon farin zanen gado na auduga wankakke, ki shimfiɗa wani a cikin akwatin don kada su taɓa ƙarfe, ki ɗora akwatin a kan katako ko bulo, ki janye shi daga bango. Sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke, ki shanya su a inuwa su sha iska, ki sake ninkin ta wani wuri dabam. 'Yan uwanmu na Legas da Kumasi da Duwala, inda laima ba ta ɗaukewa, su sai sun fi haka yawaitawa. Kada a ajiye zane da sitaci a jikinsa, shi ne abincin kyankyaso da ƙananan ƙwarin nan masu ruwan azurfa da ke gudu idan an buɗe akwati.

Maganar kafur kuma ina roƙon kowace uwa ta ji ni. Farin ƙwallon nan da muke jefawa a akwati yana korar ƙwari, gaskiya ne, amma yana da haɗari ga jarirai. Akwai yara da yawa a ƙasashenmu da ake haifa da wani rauni a jini wanda ba a gani da ido, idan suka shaƙi kafur ko aka naɗe su a zanen da ya sha shi, jininsu yana fashewa, shawara mai tsanani ta kama su. Zanen da ya kwana da kafur kada ya kusanci jariri sai an wanke shi sosai an shanya, kayan jariri kuma kada a ajiye su da shi sam.

Sauran maganar ta zuciya ce. 'Yar Kadunan nan ki riƙe ta da daraja, kada ki ga kamar ba ta kai Holan ba. Ta fito ne daga zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, tun daga na farko da aka buɗe a 1957 har zuwa lokacin da babbar cikinsu, UNTL, ta tsayar da aiki a 2007. Ita Holan kamfaninta na Vlisco yana nan a garin Helmond tun 1846, gobe ma za ki iya sayen sabuwa a Kantin Kwari idan kina da kuɗin. Waccan kuwa ta wancan zamanin ba za ki ƙara samun irinta a kanti ba.

Da ni ce ke, cikin taran nan zan ajiye biyu mafiya ƙwari yadda suke, don 'ya'yana mata. Uku ko huɗu in kai wa telan da na yarda da shi, in ɗinka in sa, in je biki da su, in je gaisuwa. Ragowar yankan, tare da wuraren da suka tsira daga waɗanda tsatsa ko ninki ya taɓa, su za su zama bargon da ƙanwarki take so. Ta haka ba ki sa almakashi a lafiyayyen turmi don bargo kawai ba. Sharaɗi ɗaya: kada ki haɗa tsohon da ya yi rauni da sabon yadi mai ƙarfi, sabon zai ja tsohon ya yaga shi a bakin ɗinki. Mama ta yi gaskiya da ta ce ajiya maganin wata rana. Ni a ganina ranar da take nufi ita ce wannan da kuke ciki, ku da ta bari.

TAMBAYA TA UKU

Gwaggo, ni matashin tela ne, bara maigidana ya yaye ni na buɗe shago. Tambayata biyu. Ragowar yadin da ke saura bayan na gama ɗinkin mutum, nawa ne ko nasa? Na biyu, na sami roba da zif da allura da araha na saye da yawa, har kwali guda. Za su jira ni?
Daga ɗanki, Maraɗi

AMSA

Ɗana, Allah ya sa albarka a shagon. Ni ba malama ba ce, hukunci sai ka je wurin malamai, amma zan faɗa maka abin da wadda ta koya mini ɗinki ta ɗora ni a kai. Mai yadi shi ke da yadinsa har guntun ƙarshe. Abin da ya zube ƙasa ake sharewa, wanda ko aljihu ba zai yi ba, al'ada ta nuna ba mai nemansa. Amma duk abin da zai yi ɗankwali, ko hular yaro, ko rigar jariri, ka ninke shi ka sa a cikin ledar kayan. Idan kana so, buɗe baki ka roƙa, goma za su ce ka riƙe kafin ɗaya ya ce a ba shi. Abin da ke zubar da mutuncin tela shi ne mace ta ga atamfarta a jikin 'yarsa ranar sallah ba ta san lokacin da ta bayar ba. Zanen aro ba ya rufe katara, balle wanda ko aron ba a yi ba. Masu karɓar ƙyalle a wurin teloli, har da 'yata ta Gusau, idan kun ga babban yanki a buhu ku tambaya ko da sanin mai shi.

Kwalinka kuma, kowane kaya da ƙarfinsa. Roba ce za ta fara mutuwa, zafin Maraɗi ba ya raga mata. Cikin 'yan shekaru kaɗan za ka ja ta ta ƙi komawa, ko ka ji tana ƙaras-ƙaras a ciki. Ka fara da ita, abin da ka san ba za ka ci cikin shekara ba ka sayar wa maƙwabtanka teloli tun tana da rai. Gam ɗin da ake mannawa a wuya ma yana bushewa ya daina kamawa. Zif na roba zai jira ka shekaru, na ƙarfe ka tsare shi daga laima. Allura ba ta tsufa idan ba ta yi tsatsa ba, ka bar ta a takardarta cikin gwangwani mai murfi. Da ma tana ƙarewa da sauri fiye da yadda ake zato, don ƙa'ida ita ce a canza ta bayan kamar awa takwas na ɗinki, ba sai ta karye ba. Dakusasshiyar allura ce ke tsallake ɗinki tana jan zaren shadda. Zare kuma ka rufe shi daga rana da ƙurar hunturu. Wanda ya daɗe, ka warware kamu guda ka fizga: idan ya tsinke ba gardama, kada ka sa shi a ɗinkin mutane, ka bar shi don ɗaurin wucin gadi.

TAMBAYA TA HUƊU

Gwaggo, ina koyon ɗinkin bargon ƙyalle a hutun makaranta. Ƙawata ta ce wai aikin Turawa ne muke kwaikwayo, wata kuma ta ce alamar talauci ce. Abin ya dame ni.
Daga wata ɗaliba, Zariya

AMSA

Kada ya dame ki, 'yata, dukansu biyun ba su bincika ba. Gaskiya ne a Amurka sana'ar ta yi ƙarfi ƙwarai, har da shaguna na musamman da gasa. Amma ko a can, cikin waɗanda suka fi suna akwai matan wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, baƙaƙen fata jikokin bayi, waɗanda suka riƙa haɗa barguna da tsofaffin wandunan aikin gona da buhuna don 'ya'yansu su sami abin rufa. A 2002 aka rataye bargunansu a manyan gidajen nune-nune na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan tambarin aika wasiƙa na ƙasar. Talauci ne ya sa suka fara, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma ba talauci ne ya zaɓa musu launi ya jera ba, gwaninta ce.

A Bangladash da gabashin Indiya mata suna jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ƙananan ɗinkin hannu, suna kiran abin kanta. A Senegal akwai Bay Fal, mabiya Shehu Ibra Fal, da aka san su da tufafin haɗe-haɗe masu launi iri-iri. A Sudan mabiya Mahadi sun sa jibba mai faci a jiki, har ta zama alamarsu.

Mu kuma muna da lifidi. Rigar yaƙi ce ta doki da mahayinsa, yadi biyu da audugar rimi a tsakani, a bi shi da ɗinki layi-layi don cikon ya zauna, ya tare kibiya da kaifin takobi. Fuska, ciko, shafi: abin da kike yi ke nan a kan kekenki, ba bambanci. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sai dai ke kada ki sa audugar rimi a bargon da za a riƙa wankewa, tana da santsi, tana guduwa ta taru wuri ɗaya, kuma tana saurin kama wuta. Tsohon zanen auduga mai laushi ko siririn soso ya fi miki.

Tunda a Zariya kike, idan sallah ta zo ki ja ƙawayen nan naki ku je kallon hawa. Ku sami wuri kusa da inda dawakai ke tsayawa kafin a tashi, ku jira 'yan lifida. Ki roƙi mai riƙe da linzami ya bar ki ki matsa, ki dubi yadda aka jera ja da shuɗi da rawaya, ki ƙirga tazarar da ke tsakanin layin ɗinki da ɗan uwansa da yatsunki. Idan kin dawo ki rubuto mini yatsa nawa kika samu, ina so in gwada shi a bargon da zan fara bayan sallah.